Rijiyar Mairama Ta Koma Garkar Maƙwabci

Insifekta Sha'ibu bai gama shayinsa na safe ba aka shigo masa da wata dattijuwa ofishinsa, a komisariyar 'yan sanda ta Bouza. Ta ƙi hawa kujera, ta gyara mayafi ta zauna a ƙasa, ta gaishe shi a tsanake har da tambayar iyali.

"Mi ke tahe da ke, Inna?"

"Ranka shi daɗe, rijiya anka sace mini."

A aikinsa ya ga satar raguna, ya ga ta injin ban-ruwa, amma rijiya bai taɓa ji ba. Ya ajiye kofin ya ce ta yi masa bayani.

Sunanta Mairama, daga wani ƙauye a ƙasar Tama. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yar garka, wato lambu, a fadama, da rijiyar da ya haƙa dab da iyaka. Bayan ta cire albasar bana ta tafi Allakaye zaman jegon ɗiyarta. Da ta dawo sai ta tarar da layin gambar da ya raba ta da maƙwabcinta Mustafa ya matso cikin garkarta, rijiyar kuma ta faɗa wajensa.

"Maigari fa?"

"Ya zo da dattawa, sun duba. Ga gamba tsaye. Garka biyun duk da rijiyar muke ban-ruwa tun da, kuma waɗanda sunka ga haƙarta sun riga mu gidan gaskiya. Babu mai son rantsuwa."

Sha'ibu ya kira ɗan sandansa Nazifi ya fito da mota.

A hanya ya riƙa kallon tuddai, duk dutse da fako. Shi ɗan Keita ne, ya san ƙasar nan. Gonar kakansa da ake wuni ana shuka ta, yau kowane jika da ƙyar yake samun inda zai cire damin hatsi kaɗan. Mutane na ƙaruwa, fadama kuwa tana nan yadda Allah ya shimfiɗa ta, siririya tsakanin duwatsu. Taku kaɗan a bakin ruwa ya fi fili mai faɗi a kan tudu. Don haka bai ɗauki ƙarar tsohuwar da wasa ba.

Rana ta ɗaga lokacin da suka isa. Bazara ce, yawancin garake an cire albasa, sai 'yan kaɗan masu tattasai. Mairama ta nuna musu layin gambar. Sha'ibu ya tsaya yana duban sauran iyakokin fadamar har inda idonsa ya tsaya.

"Nazifi, mi ka gani?"

"Gamba, shugaba."

"Wace kala?"

Nazifi ya sake dubawa. Gambar kowa a bushe take, jawur, tana jiran damina. Wannan layin kaɗai ne ya fito da sabon tofo kore shar.

Sha'ibu ya durƙusa ya kama tushe guda ya ja. Ya taso masa ba gardama, saiwoyinsa a datse da bakin shebur, ƙasar ƙarƙashinsa da sauran laima. Kaifin ganyen ya yanke shi a yatsa, ya tsotse jinin.

"Dasa ta anka yi, kuma ana ba ta ruwa."

A gefen rijiyar akwai sawun shanu da kashinsu, bai daɗe ba.

Suka sami Mustafa a zaurensa, ƙafarsa ta dama a naɗe da tsumma, sandar dogarawa a gefensa. Ya ce tun kafin cire albasa ya faɗo daga amalanke ya karye, bai sake taka fadama ba. Mai ɗorin ƙauyen ma ya shaida hakan daga baya.

"Wa ke amfana in rijiyar ta dawo wajenka?"

"Ni, ba shakka. Amma Mairama uwa ce gare ni, ruwanta nike sha ba ta taɓa hana ni ba."

"Kana da niyyar saida garkar?"

"Gadon ubana? Allah shi kiyaye."

Ya faɗa da sauri, idonsa a kan tabarma. Sha'ibu ya lura da wani sabon buhun shinkafa da kwalin shayi a lungun zauren, irin tsarabar da baƙon birni ke kawowa.

"Kun yi baƙi ke nan."

"Wani aboki ne daga Madaoua. Dubiya ya zo."

Sha'ibu ya yi masa fatan sauƙi ya fita.

Sawun shanun ya kai su wata ruga a gindin tudu. Mai shanun, Barmo, ya kawo musu nono a ƙwarya, suka sha. Da aka tambaye shi ya ce shi bai san hanyar fadama ba, maigari bai buɗe ta ga dabbobi ba tukuna.

"Barmo, ba ɓarna ta kawo ni ba," in ji Sha'ibu. "Shanunka sun sha ruwa a rijiyar Mairama, na ga sawunsu. Wannan tsakaninka da ita ne, kuma ban ga alamar mai rowar ruwa gare ta ba. Abin da ka gani can nike so."

Barmo ya murza sandarsa. Can ya ce ranar kasuwar Tama yake saukowa, lokacin da fadama ba kowa. A nan ya ga wani mutum ya jingine jan moto, wato babur, a gindin mangwaro, ya tuɓe babbar riga ya rataye, yana jan ruwa yana zuba wa ciyawa.

"Na yi dariya a raina. Ni ina neman ruwan da zan ba shanu, wani na shayar da gamba."

"Ka san shi?"

"Ya juya mini baya. Amma ba manomi ba ne. Guga biyu in ya ja sai ya tsaya yana hura tafin hannunsa."

Da suka dawo ƙauyen, Nazifi ya zauna wajen mai tsire ya yi hira, ya dawo da labari. Jan moto guda ne a ƙauyen, na Abdulhakim ne, dillalin gonaki. Shi ne kuma ya rako baƙon Madaoua gidan Mustafa, wani ɗan kasuwar albasa da ake kira Alhaji Ɗantala.

Sha'ibu ya nemi lambar Alhajin ya buga masa waya. Mutumin bai ɓoye komai ba. Ya ce garka yake nema a fadamar, an nuna masa ta Mustafa, ya gani ya yaba, saura a tara shaidu.

"Da rijiya ko babu?"

"Da rijiya mana, Insifekta. Wa zai sayi garka ba ruwa? Na faɗa wa dillalin tun farko."

Washegari da hantsi Sha'ibu ya tara su a bakin rijiyar: maigari da dattawansa, Mairama, Barmo, Alhaji Ɗantala, da Mustafa da aka kawo a amalanke. Abdulhakim ne ya iso daga ƙarshe a kan motonsa, cikin farar riga mai aiki. Da ya zo gaisawa sai ya miƙa wa Sha'ibu wuyan hannu maimakon tafi.

Mustafa ne ya fara magana, ba a tambaye shi ba. Ya ce jiya ƙarya ya yi. Jinyar ƙafa ta cinye abin da albasa ta kawo, dillali ya dame shi da zarya har ya amsa zai sayar, kunyar 'yan'uwansa ta sa ya ɓoye. Amma bai taɓa cewa rijiya tasa ce ba.

"Abdulhakim, nuna mana iyakar da ka nuna wa Alhaji," in ji Sha'ibu.

Dillalin ya nuna koren layin. "Haka na tarar da ita, ranka shi daɗe. Ni mai haɗa ciniki ne, ba ni shuka ba ni dashe."

Sha'ibu ya sa Mairama ta taka inda ta san iyakarta take. Ta wuce rijiyar ta tsaya a wani wuri da aka baje ƙasarsa sumul. Nazifi ya karɓi shebur ya haƙa. Bai yi nisa ba ya fara fito da guntayen saiwar gamba, tsofaffi masu kauri, a jere kamar an ja igiya. Dattawa suka matso suna gyaɗa kai.

"Barmo, moton da ka gani ranar kasuwa?"

"Ga shi can a gindin mangwaron da anka jingine shi rannan."

"Aro ake yi mini shi kullum," in ji Abdulhakim.

"To, buɗe hannuwanka mu gani."

Ya yi kamar bai ji ba. Maigari ya ce, "Buɗe, ɗana." Ya buɗe. Tafukan duk sun yi bororo sun fashe saboda igiyar guga, yatsun kuma da tsagar ganyen gamba ta ko'ina. Sha'ibu ya ɗaga nasa yatsan da ya yanke jiya ya ajiye kusa da su.

Abdulhakim ya zauna a bakin rijiyar. Ya ce shi ne. Bai iya sa ɗan ƙwadago ba, don kowa a ƙauyen ɗan'uwan wani ne. Ya so a gama ciniki a kewaye wurin da waya kafin Mairama ta dawo, daga nan sai ta yi ta shari'a da mai kuɗi.

"Fadama ta ƙare, ranka shi daɗe. Masu nema sun cika gari, masu saidawa babu. Ni ma ina da tawa da, nan kusa. Na saida ta na sayi moton ga. Yau ko taku guda ba ni iya saye a cikinta."

"Shi ya sa ka ɗebi na tsohuwa," in ji Sha'ibu. Ya yi wa Nazifi alama, ya kama shi ya sa a bayan mota.

Kafin su tashi, maigari ya sa samari su mai da gambar mazauninta a gaban kowa, ya ce za a kira 'yan kwamitin filaye na komin, wato ƙaramar hukuma, su kafa duwatsun iyaka. Mustafa ya ce ya fasa sayarwa, ƙanensa zai nome masa garkar su raba amfani. Barmo ya je ya durƙusa gaban Mairama yana ba ta haƙuri, ta ce ya riƙa kawo shanun da rana tsaka kowa na gani, ya bar mata takin.

Alhaji Ɗantala, da ya ga tafiyarsa za ta tashi a banza, ya matsa kusa da ita.

"Inna, to ke ki saida mini taki mana. Ki faɗi abin da kike so, ba zan taya ba."

Mairama ta dube shi, ta dubi 'yar garkar tata.

"Alhaji, jikokina na da yawa, kuma har yanzu haihuwarsu ake yi. Ka dawo baɗi da buhunanka, albasa zan saida maka."

Sha'ibu ya yi murmushi, ya shiga mota ya ce wa Nazifi su tafi.