Ba Zan Sa Hannu Ba

"Ba zan sa hannu ba, Yaya."

Suna zaune a falo, fanka na juyawa a sama. Malama ta ajiye biron, ta sa yatsa ɗaya ta tura takardar gaban yayar mijinta, wadda duk gidan ke kira Gwaggo. Takardar amincewar uwa ce, wadda in babu ita ba a yi wa yaro fasfo, ba a kuma barin kowa ya hau jirgi da ɗan da ba nasa ba. Mijin Malama bai daɗe da rasuwa ba a hatsarin mota, ko takalmansa ba a kwashe daga bakin ƙofa ba, sai ga Gwaggo ta sauka daga ƙasar wajen da take aure, da akwatuna da turaruka da wannan takarda. Wai za ta tafi da marainiyar ƙaninta ta sa ta a makaranta mai kyau.

Marainiyar tana zaune a kan kafet tana yi wa 'yartsanarta gado da ɗankwali. Shekarunta biyar, ana kiranta Ɗigo, saboda ranar da aka haife ta ungozomar asibiti ta ɗaga ta ta ce, "Wannan ai ɗigo ce, ba jaririya ba!" A bayan aji ta yi rarrafe, a kan tabarma kusa da kwandon shara, uwarta na gaban allo tana koyarwa. Kullum tana jin yara suna ɗaga hannu suna cewa "Malama! Malama!", don haka da bakinta ya buɗe abin da ta fara kiran uwarta ke nan, kuma har yau ba ta canza ba. Mahaifinta yakan yi dariya har da hawaye. Dangin kuwa taɓe baki suke yi, wai ga abin da boko ke jawowa.

"Me kika ce?" Gwaggo ta zare tabarau. "Ke 'yar boko, ni kike tura wa takarda da yatsa?"

"Na ce ba zan sa ba. Ina yarinyar da kika ɗauka shekarun baya, 'yar ƙanwar Hajiya? Ita ma karatu aka ce za ta yi. Ni na karɓe ta a ajina da ta dawo, budurwa guda ba ta iya rubuta sunanta ba, hannayenta duk tabon ƙuna. Yanzu kin haifi tagwaye kina neman mai reno. To, ba 'yata ba!"

Surukarta, Hajiya, ta dafe ƙirji. "Innalillahi! A cikin gidana? Kin cinye min ɗa, yanzu kuma za ki ci min mutuncin 'ya?"

Malama ta durƙusa, hawaye na zuba, amma muryarta ba ta yi rawa ba. "Hajiya, ki sa ni wanki, ki sa ni shara, ki sa ni duk abin da kike so, wallahi zan yi. Wannan ɗaya ne ba zan yi ba."

Kafin la'asar an watso mata kaya tsakar gida. Sun birkice ɗakinta, sun ɗaga katifa, sun zazzage akwati suna neman takardar haihuwar yarinyar, ba su sani ba tana naɗe cikin leda a jikin uwar, a ƙarƙashin riga. Da ta miƙa hannu za ta ɗauki 'yarta, sai Gwaggo ta fizge yarinyar ta shige ciki, maigadi ya tura Malama waje, ya turo ƙofar ƙarfe ya sa sakata. Wayyo! Daga waje Malama tana jin ƙaramar murya tana kiran "Malama! Malama, ki buɗe!" har muryar ta dishe... Ta buga ƙofar nan har tafin hannunta ya fashe, babu wanda ya leƙo.

Gidan mahaifinta ta nufa, tana zaton can ne za a share mata hawaye. Ashe labari ya riga ta isa. Baba tsohon ma'aikacin gidan waya ne, mutum mai gudun abin kunya fiye da yadda yake gudun wuta. Yana zaune a kujerarsa ta katako, rediyo a cinya, bai ko amsa gaisuwarta ba.

"Ni na kai ki makaranta," ya ce, "ban san zagin manya za a koya miki ba. Ki koma ki ba su haƙuri, ki sa musu hannu. 'Yar ɗansu ce."

"Baba, 'yata ce. Idan ta hau jirgin nan, wa zan tambaya? Wace ƙofa zan buga?"

"Ki sa hannu, ko ki bar min gida."

Ta daɗe a durƙushe tana kallon ƙafafunsa, ƙafafun da ta sha wankewa tana ƙarama. Sannan ta ce, "Ka yafe min, Baba. Ban taɓa saɓa maka ba, yau zan fara." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Gwaggo ba ta tsaya nan ba. Ta shirya tsaf ta je wurin shugaban makaranta, ta zauna tana share hawayen ƙarya, wai tun rasuwar ƙaninta matar ta samu taɓin hankali, tana magana ita kaɗai, har ta nemi shaƙe 'yarta. "Ni dai tsoro nake ji wa 'ya'yan mutane," in ji ta. Washegari Malama tana tsakiyar rubutu a allo aka kira ta ofis, aka ce ta je gida ta huta sai an neme ta. Ta ajiye allin a kan teburinsa a hankali. "Ranka ya daɗe, ka san ni, ka san aikina. Allah zai bayyana gaskiya, ina fata ranar za ka iya kallon idona."

Wata mai ɗinki, dattijuwa mai yawan barkwanci, ita ta ba ta ɗan ɗaki a bayan shagonta, inda ake tara ƙyallaye. Nan ta zauna tana saka maɓalli da guga. Ta kai ƙara, aka sa rana, aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Kullum da yamma sai ta je ta tsaya a bakin ƙofar ƙarfen ko za ta ji motsin 'yarta. Ta rame, idanunta sun faɗa. Duk wanda aka turo mata da lallashi ko barazana, amsa ɗaya yake komawa da ita. "Ke wannan taurin kai naki," mai ɗinki kan ce, "da allura ce da ta huda ƙarfe!" Malama sai ta yi murmushi, ta ɗaga hannu sama ta ce, "Ya Allah, Kai ne gatan maraya. Ba ni da kowa sai Kai."

Ana cikin haka Baba ya kwanta ciwo. Ta ruga asibiti, ta kama hannunsa tana kuka. Ya buɗe ido da ƙyar ya ce, "Kin sa?" Ta girgiza kai. Ya zare hannunsa ya juya fuska ga bango... Bai sake yi mata magana ba har Allah Ya karɓi ransa.

Bayan rasuwar da 'yan makonni, wata safiya mai ɗinki ta faɗo ɗakin tana haki. "Tashi! Tashi maza! Direban gidan surukarki ya zo karɓar rigunan yarinya da aka ba abokiyar aikina ɗinki, ya ce yau jirginsu zai tashi!"

"Ba zai yiwu ba, Inna. Ba su da takarda, ba su da fasfo."

"Ya ce Gwaggo ta ce ta gama da wannan. Ke dai tashi!"

Ba ta san yadda ta isa filin jirgin ba. Babban zaure ne mai sanyi, ga jama'a da kekunan tura kaya, ga murya na ta sanarwa daga sama. Ta dudduba har ta hango su can gaba, sun wuce igiyar da marasa tikiti ba sa ƙetarawa, suna gaban teburin masu duba takardu. Ɗigo na sanye da sabuwar riga ja, an yi mata kitso irin wanda uwarta ba ta taɓa yi mata ba.

"Ku tsaya!" Malama ta ƙwalla ihu. "'Yata ce! Kada ku bari ta tafi da ita!"

Masu tsaro biyu suka riƙe ta. Zauren ya juyo gaba ɗaya. Wata babbar jami'a mai furfura a goshi ta taso daga teburin da fasfo biyu a hannu, ta ce a kawo su duka gefe.

Gwaggo ko gezau. Ta yi ajiyar zuciya irin ta wadda ta gaji. "Ranki ya daɗe, ki yi haƙuri. Malamar yarinyar ce a da, ciwon hauka ya kama ta har aka kore ta daga aiki, tun daga nan take bin mu. Ga fasfon 'yata nan a hannunki. In kina shakka, tambayi yarinyar da kanta."

Jami'ar ta dubi Malama: silifas kala biyu, mayafi a karkace, zaren ɗinki a manne da zane. Ta dubi Gwaggo mai ƙamshi da zobba. Ta sunkuya ta nuna Gwaggo. "'Yan mata, wace ce wannan?"

Ɗigo ta sunkuyar da kai. "Mama ce."

"Waccan fa?"

Yarinyar ta ɗago, fuskarta ta haske. "Malama ce!"

"Kin ji ko?" Gwaggo ta tafa hannu. "Malamarta ce! Don Allah a sallame mu, jirgi zai bar mu."

Malama ta ɗora hannu a ka. Sunan da mijinta yake yi wa dariya, sunan da ya fi mata kowane suna daɗi a duniya, yau shi ne zai raba ta da 'yarta! Masu tsaro suka fara jan ta. Ta turje, ta dafe igiyar da hannu biyu. "Ba inda zan je! Ranki ya daɗe, tambaya ɗaya tak nake roƙo. Kada ki tambaye ta yadda take kiran mu. Ki tambaye ta wa ta haife ta."

"Ji min mahaukaciya..." Gwaggo ta fara.

Jami'ar ta ɗaga mata hannu. Ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa ƙasa. "Faɗa min, 'yar gari. Wa ta haife ki?"

Ɗigo ta dube ta da mamakin yadda babba bai san wannan ba. "Malama mana! A cikinta na zauna, ina ƙarama kamar ɗigo." Ta matso ta rage murya, amma kowa ya ji. "Wannan Gwaggo ce. Ita ta ce in ce Mama, in na manta za ta sa min cokali mai zafi."

Gwaggo ta koya mata kalmar Mama dare da rana, ba ta taɓa tunanin cewa a bakin yarinyar kalmar ba ta nufin komai ba.

Nan take Malama ta zaro ledar daga jikinta ta miƙa: takardar haihuwa, katin shaidarta, da takardar rasuwar mijinta. Jami'ar ta karanta, sannan ta koma kan fasfon tana buɗe shafuka ɗaya bayan ɗaya. Hoton na wata yarinya ne mai kama da Ɗigo sosai, 'yar Gwaggo ta cikinta, wadda ta baro can wurin uban.

"Hajiya," jami'ar ta ce wa Gwaggo a sanyaye, "mai wannan fasfo ta fita bara, ga hatiminmu. Ban ga hatimin dawowarta ba. Ta taga ta shigo?"

Gwaggo ta shiga kame-kame. Ta ce kuskure ne, ta ce taimako take yi, ta ce a kira mata wane da wane. Da aka sa mata ankwa sai ta zube a gaban Malama tana kama ƙafarta. "Ƙanwata, ki rufa min asiri, don darajar marigayi!"

Malama ta janye ƙafarta. "Darajar marigayi ce ta hana ni sa hannu, Yaya."

Ta durƙusa ta buɗe hannuwa. Ɗigo ta sheƙo da gudu ta faɗa ƙirjinta. "Malama, ina kika je? Na yi ta kiranki ba ki buɗe ba!" Uwar ta ƙanƙame ta tana kuka, tana ta faɗin "Alhamdulillahi... Alhamdulillahi..." Har mai tsaron da ya riƙe ta ya kawar da kai yana goge ido.

Kotu ta ɗaure Gwaggo, aka ƙwace fasfonta, kuma yarinyar da ta fara ɗauka ta zo ta nuna wa alƙali hannayenta. Shugaban makaranta ya zo har bayan shagon ɗinki da takardar dawowa aiki, yana magana yana kallon ƙasa. Hajiya ma ta zo, ta tsufa lokaci ɗaya, ta roƙi a riƙa kai mata jikarta ko sau ɗaya a wata. Malama ta amince, da sharaɗin ƙafarta ƙafar 'yarta.

Yanzu Ɗigo tana zama a benci na gaba a ajin uwarta, tana ɗaga hannu tana kiran "Malama!" tare da sauran yara. Mutane na cewa haƙuri ya yi rana, kuma gaskiya ne. Amma Malama ta san abin da ta biya. Ta rasa ɗakin da ta zauna da mijinta. Rabin dangin 'yarta ba sa amsa sallamarta, suna kiranta wadda ta ɗaure 'yar gida. Aiki ya dawo, mutunci ya dawo, Baba kuwa ya tafi fuskarsa na kallon bango, bai ji gaskiyar ba, bai ce ya yafe mata ba. Kullum bayan salla tana yi masa addu'a tana kuka. Kuma da za a sake ajiye mata takardar nan da biro a yau, da yatsa ɗaya za ta sake tura ta.