Ɓerayen da Suka Yi Jan Hawaye

Makullin gidana ne ya mayar da ni wurin aiki ran nan, dab da magariba. A aljihun rigar aiki na manta shi. Maigadi ya buɗe mini yana tsokana: "Inna, sallama kika dawo yi wa 'ya'yanki?" Ban yi dariya ba. Washegari za a kashe su duka.

Shekara tara ina share gidan ɓerayen bincike, tun rasuwar maigidana. Farare ne, cikin kejin roba, likitoci na gwada magani a kansu. Ranar da za a ɗauke ni aiki sai da na ja da shugaban wurin har ya gaji: ba na aikin Asabar, kuma ba mai tsaya mini a ka. Ya ce ina karatu? Na ce ƙwarai kuwa. Lambobi na sani, da sunana, shi ke nan.

Dokar wurin ba wuya. Ɗakin masu lafiya ake fara shiga, na marasa lafiya a ƙarshe, in ka fito kuma riga da safar hannu duk sai kwandon shara. Ɗaki na shida ne na marasa lafiya, kullum. Sai na'urar sanyinsa ta lalace. Dogo, mai kula da ɓerayen, ya kai wasu baƙin ɓeraye masu mura ɗaki na biyu, ya manna takarda a ƙofa.

"Inna, kin ga takardata?"

"Makauniya ce ni? Tun kana goye nake karanta takarda."

Ya yi dariya ya wuce. Ni kuwa na shiga na biyu, na juye dusar katakon da suke kwana a kai. Na ji atishawa, na ce ƙura ce. Na wuce na uku, na huɗu, na biyar. Safa ɗaya, tsintsiya ɗaya.

Kafin mako ya zagayo, atishawa ta cika ɗakunan. Wuyansu ya kumbura. Suka daina son haske, suna runtse ido, wani jan abu yana bin idon da hancin yana bushewa a gashi. Likita, mace ce mai sanyin magana, ta tara mu ta ce ba jini ba ne, hawayensu ne ke ja in suna ciwo. Ta ce ƙwayar cutar ta hanci take shiga, ta zauna inda yawu da hawaye ke fitowa, ta hayayyafa, atishawa ta watsa ta keji zuwa keji. Ba ta kama mutum, amma mutum na kai ta ɗaki zuwa ɗaki a hannunsa da rigarsa. Aikin Likita na shekara uku ya tashi a banza. Ta ce wa ya kai ta?

Aka ce Dogo ne, tunda shi ya taɓa baƙin. Aka dakatar da shi, ga matarsa ta haifi tagwaye ko arba'in ba su yi ba. Sau ɗaya ya dube ni. Ni kuwa na dubi bokitina.

To, da wannan a cikina na shiga ran nan.

Fitila ɗaya ce ke ci a dogon barandan. Warin fitsarin ɓera da maganin wanke ƙasa. Na ɗauki makullina. Har na juya, sai na lura ba atishawa. Ɓera ɗari uku masu mura, ko ƙwas.

Sai na ji shara.

Shuu. Shuu. Daga ɗaki na biyu.

Na san wannan sharar. Ja biyu, a tsaya, a buga tsintsiya a ƙafar tebur. Ba mai yin haka duk ginin sai ni.

Ƙofar ta buɗe. Wata ta fito sanye da rigar aikina, ta ba ni baya, tana ɗingisa ƙafar hagu yadda nake yi. Ta shiga na uku. Duk inda ta taka sai ta bar jan sawu, jiƙe. Ta fito ta shiga na huɗu. Na so in karanta addu'a, harshena ya ƙi ɗaguwa.

Da ta shiga na biyar, ƙafafuna suka bi ta ba da yardata ba.

Ɓerayen suna tsaye a kan ƙafafun baya, kowanne a bakin kejinsa. Duk ni suke kallo. Jan hawaye na ɗiga. Ɗis. Ɗis.

Ta miƙo hannu ta baya. Takardar Dogo ce.

"Karanta," ta ce a hankali. Muryata ce.

Hali ba ya barin mutum. Ciniki na fara. Na raɗa mata, "Zan yi sadaka."

"Karanta."

"Zan roƙa a mayar da Dogo aiki. Sai dai kada a ce ni ce."

"Karanta."

"To zan ce mantuwa na yi. Mu tsaya a nan."

Ta fara juyowa. Na ga kunne. Na ga wuya a kumbure kamar an hura shi. Na ga gefen kunci, jan abu na gangarowa.

Ƙofa ta fara rufuwa a bayana.

"Ban iya ba!" na ce da ƙarfi. "Wallahi ban iya karatu ba. Ni na kai musu."

Gaba ɗaya suka yi atishawa. Iskar ta bugi fuskata, ɗumi, da ƙarni.

Na cusa kafaɗa ta ɗan abin da ya rage na ƙofa. Mayafina ya maƙale, na bar shi. Ban san na kai bakin ƙofar waje ba sai da na ji maigadi na yayyafa mini ruwa yana cewa, "Inna, lafiya? Wa ya biyo ki?"

Da safe na sami Likita a gaban kowa. Na faɗa yadda na faɗa a ɗaki na biyar, ban rage ko kalma ba. Wanda ya sunkuyar da kai ya fi wanda ya dube ni yawa. Aka kashe ɓerayen, aka wanke ɗakunan, aka kira Dogo ya dawo. Ni aka mayar da ni wankin kwalaben ruwa a bayan gini, har da Asabar. Ban ja ba.

Rannan Dogo ya zo karɓar kwalabe ya tarar ina ɓoye fuska. Ya ce, "Inna, ai na sani tun ranar. Kunyarki na ji, shi ya sa ban faɗa ba."

Har yau in ya gaishe ni sai in amsa wa takalminsa.