Tubali Biyu a Cikin Kwamfuta

Da hantsin wata Talata, ana tsakiyar marka, mutum uku suka shigo ofishin 'yan sanda na Tofa ɗauke da akwatin kwamfuta kamar masu kawo mara lafiya asibiti. Shekarar nan ce da kuɗin mota ya ninka, hatsi ya gagari talaka, har wasu magidanta suka koma cin abinci sau ɗaya suna cewa azumin nafila suke yi.

Sufeto Ja'afaru ya ture kofin shayinsa gefe. Mutum ne mai jan magana, abokan aikinsa har tsokanarsa suke yi cewa kafin ya gama tambaya mai laifi ya gaji ya amsa.

Na gaba shi ne Malam Nababa, shugaban ƙungiyar manoma ta ƙauyen Tsamiyar Kaka, dattijon da ko iyakar gona za a raba a garin sai an kira shi. Bayansa Huseina ce, sakatariyar ƙungiyar, idanunta sun yi jajir. Na ƙarshe mahaifinta ne, Malam Sama'ilu, aminin Nababa tun suna yara, wanda tun da ya shigo bai ɗaga kai ba.

"Me ke tafe da ku?" in ji Sufeto.

Huseina ce ta amsa. "Yallaɓai, an ba ƙungiyarmu sabuwar kwamfuta. Sai kwamiti ya ce a kai tsohuwar Islamiyya, yara su riƙa koyon rubutu da sauraron ƙira'a. Ni na kwashe aikin ƙungiya na mayar cikin sabuwar, na zuba wa tsohuwar karatu, na lulluɓe ta a ofis. Wutar sola muke jira. Da an ce sai bayan kaka za a kafa, kwatsam sai ga masu aikin sun zo."

"Sai me?"

"Jiya aka yi taron miƙawa. Dagaci, malamai, iyayen yara, kowa yana nan. Na jona, na danna, shiru. Na sake dannawa, shiru. Mai sola ya ce bari ya duba."

Ta nuna akwatin da hannu.

Kofur Mati ya zare murfin gefe. Babu waya, babu fanka, babu komai. Tubali biyu ne a ciki, an ɗaure su tamau da igiyar rama don kada su yi motsi.

"Wa ke riƙe da mukullin ofis?"

"Ni ce."

Malam Nababa ya gyara murya. "Yallaɓai, ni ban so aka zo nan ba, Dagaci ne ya matsa. Yarinyar nan 'yata ce, kuma kowa ya san yadda zamani ya yi tsanani. A rufa mata asiri, mu koma gida mu gyara."

Huseina ta juya ta dube shi. "Baba, asirin me za a rufa min? Ni ban ɗauka ba."

"Yi shiru," in ji mahaifinta, murya ƙasa ƙasa. Kunya ta gama cinye shi. Tun jiya kwamiti ya karɓe sabuwar kwamfutar daga hannun 'yarsa, ya ce ta dakata da aiki, kuma da safen nan da ta je famfo mata suka janyo bokitansu kusa da ƙafarsu.

Sufeto ya sunkuya kan akwatin. Igiyar yake kallo. Ba ƙulli aka yi mata ba, an murɗa bakin ne aka cusa a ƙarƙashi, yadda ake ɗaure damin gero. Shi ma ɗan manomi ne, hannunsa ya san ɗaurin. Ya warware, ya miƙa wa Huseina.

"Mayar min yadda take."

Ta yi ƙulli biyu irin na ledar cefane, tubalin ya zame ya kusa faɗa mata a ƙafa. Wannan ba hujja ba ce, Sufeto ya sani, ko ɓarawo ya iya nuna bai iya ba. Amma ya ajiye abin a ransa.

Da azahar suka isa ƙauyen a motar sintiri. Ofishin ƙungiyar ɗaki ɗaya ne a gefen masallaci, taga lafiya, ƙofa lafiya, kwaɗo lafiya.

"Wa ya sayo kwaɗon nan?"

"Baba Nababa," in ji Huseina. "Ya ba ni mukulli ɗaya."

"Malam, kwaɗo ai ba ya zuwa da mukulli ɗaya."

"Sauran sun ɓata tuntuni," in ji Nababa, yana shafa gemu.

Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya gamsu, ya dubi gonakin da suka kewaye garin, gero ya yi kai amma bai nuna ba. "Allah dai Ya kai mu kaka. Hatsi ya riƙe ku kuwa bana?"

Nababa ya ɗaga murya yadda na bakin masallaci za su ji. "Alhamdu lillahi! Ni rumbuna biyu, na biyun ko taɓa shi ban yi ba."

Washegari Sufeto ya ɗauki Kofur Mati ya nufi Rijiyar Zaki, inda masu gyaran waya da kwamfuta suka yi layi saboda ɗaliban jami'a. Duk mai kayan cikin kwamfuta na sayarwa daga wannan yanki nan zai fara zuwa. Ya bi rumfuna ɗaya bayan ɗaya, har ya zo ta wani matashi mai suna Basiru, wanda da ganin kaki ya hau share teburin da babu ƙura a kansa.

"An kawo maka kayan cikin tsohuwar kwamfuta kwanan nan?"

"Ni? Wallahi sababbi kawai nake taɓawa, Yallaɓai."

"Wannan ta ƙarƙashin tebur fa, mai murfi wani launi, jiki wani launi?"

"Ta wani ɗalibi ce."

"Kunna min in gani."

Basiru ya ce babu wuta. Kofur Mati ya nuna masa fankar da ke juyawa a kansa. Basiru ya jona yana gumi. Allo ya haska, sai ga hoton yara sun yi layi a gaban wani gini, an rubuta Islamiyya Tsamiyar Kaka a jikin bango.

"Wannan ɗalibin naka yana aji nawa a Islamiyya?" in ji Sufeto.

Basiru ya zauna a kan benci. "Yallaɓai, zan faɗi gaskiya. Wani dattijo ne ya kawo ta a buhun taki. Ya ce in kwashe na ciki in mayar masa da kwanson. Na ce Baba, kwanso me zai yi maka? Ya ce ba ruwana. Da na ba shi kuɗin kuma ya ce jingina ce, kamar ta gona, kada in sayar, bayan kaka zai zo ya fansa. Ni tun da nake ban taɓa jin an jinginar da cikin kwamfuta ba."

"Za ka gane shi?"

"Ya naɗe fuska da rawani, ido kawai na gani. Amma da zai tafi ya tambaye ni inda ake hawa motar Dawanau."

Dawanau kasuwar hatsi ce. Sufeto ya sa aka ɗauki kwamfutar, ya ce Basiru ya biyo su ofis ya ba da bayani.

Bayan la'asar ya koma Tsamiyar Kaka, ya tsaya a ƙofar gidan Malam Nababa. Ta saman danga ana hango rumbuna biyu, jinkarsu sabuwa fes. Amma a gefen gidan, inda mata ke sussuka, turmi yana kife har ciyawa ta fito ta kewaye shi, kuma babu ko ɗigon ƙaiƙayi. Gidan da ke cin hatsin rumbunsa, zangarniya yake fitarwa a sussuke, ƙaiƙayi ba ya rabuwa da ƙofarsa. Wanda ke awo a kasuwa kuwa tsaba yake kawowa.

Sai ga Hure, matar Nababa, tsohuwa, ta dawo daga inji da ƙwarya a ka.

"Sannu Inna. Niƙa aka yo?"

"Niƙa aka yo, ɗan nan."

"Garin nan fari tas. Masara ce?"

"Masara ce."

"Ashe Malam yana noma masara."

"Shi? Gero da dawa dai, tun da na san shi."

Sai da maganar ta fita ta ji abin da ta faɗa. Ta ja gefen mayafi ta rufe ƙwaryar, ta shige gida da sauri.

Sufeto ya sami Nababa a zaure, su biyu kawai. Ya zauna a bakin tabarma, ya sassauta murya.

"Baba, ɗaurin dami ne a jikin tubalin. Kai ka sayo kwaɗon. Wanda ya kai kayan Rijiyar Zaki dattijo ne, daga can ya wuce Dawanau. Faɗa min a nan, ba kowa."

"Dattawa nawa ne a ƙasar nan?" in ji Nababa. "Kowa ya iya ɗaurin dami. Ka je ka nemi ɓarawonka, yaro."

Sufeto ya miƙe. Abin da zai yi yanzu bai yi masa daɗi ba, don ya san abin da rumbu yake a wurin manomi. Amma ya tuna idanun Huseina.

A waje mutane sun taru, kamar yadda akan taru duk inda motar 'yan sanda ta tsaya. Sama'ilu da 'yarsa suna can baya.

"Kofur," in ji Sufeto da ƙarfi, "akwai sauran wayoyin kwamfutar da ba mu gani ba. Nemo tsani, ka ɗaga jinkar rumbunan nan mu duba."

Aka kawo tsani. Kofur Mati ya jingina shi, ya sa ƙafa a matakin farko. Sai ga Nababa ya fito ba takalmi, ya riƙe tsanin da hannu biyu.

"Kada ka hau."

"Me ya sa, Baba?"

"Don Allah kada ka buɗe. Ni ne. Ni na ɗauka."

Wani ya ce, "Innalillahi."

Nababa bai saki tsanin ba. Ƙasa yake kallo yana magana. "Mukullan suna wurina. Na ɗauka sola sai bayan kaka, kafin nan na girbe gero na mayar, ba wanda zai sani. Na ce a raina ai tsohuwa ce, an yi sabuwa, a kwance take ba ta aikin komai, ni kuma ga jikoki."

"Kuma ka bari aka ce yarinyar nan ce."

"Na bari." Hawaye ya gangaro cikin gemunsa. "Na buɗe baki in faɗa a wurin taron, na ga idon jama'a, na kasa."

Ba a ɗaga jinkar ba, amma babu wanda bai gane abin da ke ƙarƙashinta ba. Mutane suka riƙa sunkuyar da kai, kowa yana kallon gefe, kamar su aka kama.

Kofur ya ciro ankwa. Sufeto ya girgiza masa kai, ya ce a kawo wa dattijon takalminsa.

Suna nufar mota jama'a suka dare. Malam Sama'ilu ne kaɗai bai matsa ba. Nababa ya tsaya, ya kasa dubansa, ya kasa duban Huseina da ke gefensa tana kuka ba sauti.

"Sama'ilu, ka yafe min. Ina jin kunyar ka san na ƙare."

Sama'ilu ya dube shi.

"Nababa, ni nawa rumbun tun kafin azumi babu ko zangarniya ɗaya. Kai nake kallo ina cewa ga wanda ya tsira, ina jin kunyar in zo wurinka." Ya nuna 'yarsa. "Ɗan abin da yarinyar nan take samu a ofishinku, shi muke ci a gidana. Shi ka sa aka tsayar."

Kofur ya kama hannun Nababa ɗaya.

Sama'ilu ne ya kama ɗaya hannun, ya taimaka aka hawar da shi bayan motar, ya gyara masa hular da ta karkace. Sa'an nan ya juya ya kama hanyar gida, Huseina tana biye da shi.