Mashin ɗin Kawu Tukur

Ku matso kusa, ku rage murya. Wannan ba a ba da shi da ƙarfi.

Haladu malamin firamare ne a Tudun Maje. Kullum yakan yi doguwar tafiya daga garinsu zuwa makaranta a kan wani tsohon mashin roba-roba ruwan toka. Kawunsa Tukur ne ya ba shi, kawun da ya riƙe shi tun daga yaye. Ranar da ya sami aiki, tsohon ya wanke mashin ɗin da hannunsa, ya miƙa masa makulli, shi kuma ya koma tafiya a ƙasa.

Mashin ɗin ba ya gudu. Akwai wasu malamai biyu masu manyan babura, kullum sai sun wuce shi a hanya. Ɗayansu, Malam Sabi'u, yakan waiwayo ya ce, "Malam, za mu ce kana tafe, zuwa jibi."

Haladu yakan yi dariya, amma abin na cinsa. Har ya fara ɓoye mashin ɗin a bayan aji. Ya kai wa bakanike, aka canja fulogi, aka wanke kafireto, aka huda salansa. Ƙara ta ƙaru, gudu bai ƙaru ba. Bakaniken ya goge hannu ya ce, "Iyakar ƙarfinsa ke nan, Malam."

Wata Alhamis da tsakar rana, ya bi yanke ta busasshiyar ƙorama don kada su Sabi'u su riske shi. Daidai gindin babbar tsamiya, mashin ya mutu.

Ko'ina tsit. Ba kukan tsuntsu, ba motsin ganye.

Sai ya ga mutum zaune a kan saiwa, siriri, da farar taguwa wadda ko ɗigon datti babu. Rairayi ne kewaye da shi, mai laushi, amma babu sawu ko ɗaya da ya kai inda yake.

Haladu ya yi sallama. Mutumin bai amsa ba.

"Gudu kake so," in ji shi.

Bakinsa na motsi a gaban Haladu, amma muryar daga bayan kunnensa take fitowa. Ya san ya kamata ya yi addu'a ya tura mashin ɗinsa ya bar wurin. Sai ya tuna dariyar Sabi'u.

"Ina so," ya ce.

"Kujerar baya tawa ce."

"Na yarda."

Mutumin ya ɗora tafin hannu a kan injin mai zafi, ya daɗe bai ɗauke ba. Mashin ya tashi da kansa. Da Haladu ya hau, sai ya ji baya ya ɗan nutse, kamar wani ya zauna. Bai waiwaya ba.

Tun daga ranar, taɓa totur kaɗan, sai itatuwa su riƙa wucewa kamar ana jan su. Mai ba ya ƙarewa da wuri. Sai dai ko da rana ta take, bayansa sanyi ƙalau.

Ranar Litinin bayan an tashi, ya jira su Sabi'u suka yi nisa a kan babbar hanya, sannan ya murɗa. Ya wuce na farko. Ya kamo Sabi'u, ya gifta shi, ya ji yana danna hon a bayansa. Zuciyarsa fari tas.

A nan ya hango mutum biyu a bakin hanya, kusa da gonar Kawu. Kawu Tukur ne tsaye yana ɗaga hula. Matarsa, Inna Kande, tana zaune a ƙasa, an ɗaure mata ƙafa da tsumma. Idon Haladu ya haɗu da na kawunsa.

Ya wuce.

Sabi'u ne ya tsaya. Maciji ne ya sari Inna a gona. Shi ya goya ta har asibiti, kuma Allah ya sa da sauran kwana.

Haladu ya iso asibitin da la'asar, kansa a ƙasa. Ya durƙusa gaban kawunsa, ya jira faɗa. Tsohon ya dube shi ya ce, "Ka isa lafiya? Na ga gudun da kake yi, hankalina ya tashi. Na ce kada yaron nan ya faɗi."

Da mari ne, da ya fi masa sauƙi. Sabi'u na tsaye a gefe, bai kuma sake tsokanarsa ba har yau.

Washegari da tsakar rana Haladu ya koma gindin tsamiya. Mutumin na nan kan saiwarsa.

"Ka hana ni tsayawa," in ji Haladu. "Ka riƙe mini birki."

"Gudu na ba ka," in ji muryar a bayan kunnensa. "Birki ban taɓa shi ba. Ina zaune ina kallon ƙafarka. Ba ka taka ba."

Haladu ya buɗe baki zai musa. Ya tuna daidai lokacin: hular Kawu a sama, hon ɗin Sabi'u a baya, hannunsa na ƙara murɗawa.

Can ya ce, "Sauka. Don Allah."

Kujerar baya ta ɗago a hankali. Da ya ɗaga ido, saiwar ba kowa.

Injin bai ƙara tashi ba. Ya turo shi a ƙafa har gida, gumi na zuba. Kawu na zaune a ƙofar gida, ya taso ya kama masa suka shigar da shi zaure, yana ba shi haƙuri wai ya ba shi tsohon abu. Haladu ya kasa haɗa ido da shi. Shekara shida ya yi yana ɗebo masa ruwan alwala, yana so ya faɗa masa gaskiya, har tsohon ya rasu bai faɗa ba.

To, kun ji. Kada wanda ya bi ta ƙoramar nan shi kaɗai da rana tsaka. In kuma abin hawanku ya mutu a gindin tsamiyar, kada ku tsaya gyara. Ku tura shi, kuna addu'a, har sai kun ji kukan tsuntsu.