Motar Da Ta Sha Ruwa

Ranar da Auta ta fara ganinsa, mota ta je nema.

Ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti da ke bayan gari. Hanyar duk ramuka ce, in kuma aka yi ruwa sai ta koma taɓo. Motar haya ta sha yasar da ita a tsakiyar hanya, har akwai safiyar da ta isa ta tarar matar da ta daɗe tana duba cikinta ta haihu a hannun mai shara. Tun daga ranar ta ƙudura a ranta sai ta mallaki 'yar ƙaramar jif, ko da ta hannu ce, mai tsayin ƙafa, wadda ba za ta mayar da gareji gidan ubanta ba.

Tana shiga filin sayar da motocin idonta ya faɗa kan wata mai ruwan azurfa, tana ta ƙyalli. Dillalin, wani dattijo mai tumbi, ya taso da fara'a.

"Malama, kin iya zaɓe! Wannan ai amarya ce. Wata tsohuwa ce ke da ita, daga gida sai kasuwa. Bari in ɗauko makulli ki ji kukan injin."

Yana ba da baya, sai ta ji murya ƙasa-ƙasa daga kan wani benci.

"Kafin ya dawo, ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujera ki shinshina."

Wani dogon saurayi ne, da tarin takardun jarrabawa a cinyarsa da jan biro a hannu. Bai ma ɗago sosai ba.

Ta harare shi, amma ta sunkuya. Turaren da aka fesa ya yi yawa, a ƙarƙashinsa kuma akwai wani wari irin na tsumman da ya kwana a jiƙe. Ƙarfen da kujerar ke tafiya a kai ya yi tsatsa, ga busasshen laka a lungun da ruwan wanki ba ya kaiwa.

"Ambaliya ta taɓa cinye ta," in ji shi. "Yau za ta tashi lafiya. Nan gaba kaɗan wayoyinta za su fara haukacewa."

"Kai kuma mene ne ribarka?" Ta miƙe tana kakkaɓe hannu. "Ko so kake in bar maka ita?"

Ya yi murmushi, a lokacin ta lura da wushiryarsa, ta kuma ji haushin kanta da ta lura.

"Ni malamin lissafi ne. Babur ɗina ya ishe ni."

Ba ta sayi motar ba. Amma da ya biyo ta bakin ƙofa ya nemi lambarta, wai ko zai ji labarin wata mai lafiya, ta daɗe tana kallonsa kafin ta ba shi. A wayarta ta rubuta Dogo, ta sa alamar tambaya a gaba.

Saƙonsa na farko ya shigo washegari tana wanke hannu a ɗakin haihuwa.

"Barka da aiki, Malama 'Yar Sanda. In za ki duba mota ki je da safe injin na sanyi, kada ki yarda a ɗuma ta kafin ki iso. Kuma ki je da bakanikenki. Kada ki karɓi wanda mai mota ya kawo, ko da ni ne."

Ta amsa: "Da ma ban ce na yarda da kai ba."

"Na sani. Abin da ya burge ni ke nan."

Haka suka fara. Duk ƙarshen mako sukan fita duba motoci, ita da matar yayanta da wani tsohon bakanike abokin babanta, Dogo na biye a babur. Sun ga wadda aka juya wa agogon tafiya baya, lambar ta yarinya amma robar feda ta suɗe kamar tafin tsohon takalmi. Sun ga wadda fentin ƙofarta bai yi daidai da na jikinta ba. Wata kuma giyarta sai ta yi tunani kafin ta shiga. Auta ce ke fara ganowa, don ba ta taɓa barin lungu ba ta leƙa ba, shi kuwa sai ya tsaya gefe yana kallonta kamar ita ce abin sayarwar.

"Dogo, motar za ka kalla."

"Ai na ga wadda nake so. Mai ita ce dai ba ta sa ta a kasuwa ba."

Matar yayanta ta tuntsire da dariya, Auta ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Daga baya ya samo wata mota shuɗiya, matsakaiciya, ta wani malamin makarantarsu da zai yi ƙaura. Ba ta da ƙyalli, kujerar direba har ta ɗan tsage, amma injinta na tafiya sumul, kuma kayan gyaranta ko a wane shago akwai. Da yammar ranar da suka duba ta ya aiko:

"Gimbiyata, motar ta ci jarrabawa. Saura ni. Ki ba ni izini in zo in gaida Baba."

Ta karanta ta sake karantawa, sannan ta rubuta: "Sai bakanike ya duba ka tukuna." Ta ƙara da alamar murmushi, karo na farko.

To amma akwai Manaja. Abokin yayanta ne, ya daɗe yana zarya a gidan, ya kuma sha cewa ta daina wahalar da kanta, shi zai ajiye mata babbar mota a ƙofar gida. Ita kuwa ta san kyautar da ke zuwa da igiya. Wata ranar Asabar ta dawo ta tarar da shi a falo tare da Baba, fuskar Baba a murtuke.

Baba tsohon direban manyan motoci ne, ya ga duniya, ya kuma yi imani cewa in dillali ya ce maka gari ya waye, to ka leƙa waje.

"Zo nan, Auta. Yaron nan da kike yawo da shi, kin san ɗan wane ne?"

Manaja ya miƙo wayarsa. Hoton Dogo ne a sitiyarin jif mai ruwan azurfa, dillalin nan mai tumbi na zaune a gefensa.

"Kawunsa ne," in ji Manaja, cikin muryar mai jaje. "Shi ya rene shi. Tsohuwar dabara ce, ƙanwata. Ɗaya ya kushe mota don ki sakankance da shi, sannan ya ja ki inda suka shirya. Wa ya sani ko shuɗiyar ma tasu ce?"

Auta ta ƙura wa hoton ido. Sai abubuwa suka riƙa dawo mata. Me malamin makaranta yake yi a bencin dillali? Me ya sa bai taɓa ambaton danginsa ba? Duk taka-tsantsan ɗinta, ta duba ƙarƙashin kowace mota, ta manta ba ta duba mutumin ba.

"Kada in sake ganinsa a layin nan," Baba ya ce. "Wanda ya ɓoye asalinsa, me kuma ba zai ɓoye ba?"

Ta shiga ɗaki ta rubuta wa Dogo: "Ka gaida Kawu." Ya kira, ta ƙi ɗauka. Saƙonsa ya biyo baya.

"Gaskiya ne, kawuna ne. Na yi laifi da na yi shiru. Amma wallahi ban cuce ki ba. Ki saurare ni ko sau ɗaya, hasken idona."

Ta kashe wayar ta cusa ƙarƙashin filo, ta yi kuka mai isarta. Umma ta shigo ta zauna a bakin gado, ta bar ta sai da ta yi shiru.

"Ke da ba kya yarda da kowa, yau Manaja kika yarda da shi haka da sauƙi?"

Maganar ta tsaya mata a rai. Ranar hutunta, ba ta gaya wa kowa ba, ta koma filin motocin. Mai ruwan azurfa ba ta nan. Dillalin na ganinta ya haɗe rai.

"Au, ke ce? Kin zo ki ga ɓarnar da kuka yi min?"

"Ina motar, Baba?"

"Ki tambayi ɗan ƙanwata mai gaskiya! Yaron da na ɗauka tun yana rarrafe. Duk wanda ya zo zai saya sai ya tsegunta masa. Da na kore shi, ya je ya kai ƙarata wurin uwarsa, suka taru a kaina. Shi da kansa ya tuƙa ni muka kai ta wurin 'yan kayan gyara aka yanka. Tun daga ranar ko gaisuwarsa ba na amsawa."

Auta ta yi godiya ta fito, amma zuciyarta ba ta kwanta ba. In dai sun iya shirya wasan farko, ai za su iya shirya na biyu. Ta tari mota ta nufi kasuwar kayan gyara, ta bi rumfa-rumfa tana tsallake kwatamin baƙin mai, har ta same ta a can ƙurya. An cire ƙofofi, an kwashe fitilu, an ɗora gangar jikin a kan duwatsu. Ta sunkuya ta shinshina. Warin nan ne.

Ta tsaya a wurin tana dariya, hawaye na zuba, masu shago na kallonta.

A bakin makarantarsu ta tare Dogo bayan an tashi. Ya rame, rigar ma kamar ta aro.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Tun fitarmu ta farko kika ce duk jinin dillali maƙaryaci ne. Na ji tsoron in rasa ki tun ban same ki ba. Kullum sai in ce gobe."

"Ka san abin da na fi tsana? A fesa turare a kan abu."

"Na sani, Gimbiya. Ba zan ƙara ba."

"Kawunka ya yi fushi da kai saboda ni."

"Ko ba ke ba ce, da na faɗa." Ya sunkuyar da kai. "Sai dai da ba zan nemi lamba ba."

Shawo kan Baba ya fi wuya. Umma ta yi magana, Yaya ya yi, bakanike ma ya sa baki. Manaja kuwa da aka tambaye shi inda motar za ta a ranar da ya ɗauki hoton, sai ya fara kame-kame, daga nan ƙafarsa ta ɗauke daga gidan. Ƙarshe Baba ya ce a kawo masa shuɗiyar, a kuma kawo yaron.

Baba ne ya karɓi tuƙi. Dogo a gefensa, Auta a baya tana wasa da yatsunta. Ya nufi hanyar asibitinta, ya faɗa ramuka da gangan, ya taka birki ba zato, ya saki sitiyari ya ga ko za ta karkace. Da suka yi nisa sai ya tambayi Dogo.

"Mene ne aibin motar nan?"

"Baba, tayoyin baya sun kusa ƙarewa. Na'urar sanyi tana jinkiri. Kuma an taɓa gyara bambar baya, wani ya goge ta a wurin ajiye motoci."

Baba ya yi gyaran murya. "Kai fa? Mene ne naka?"

Dogo ya juyo ya fuskance shi.

"Ina da tsoron faɗin abin da zai sa a guje ni, shi ya jawo duk wannan. Ba ni da gida, haya nake. Kuma in na yi fushi shiru nake yi, ba na magana."

"Wannan kam sai ka gyara, don 'yata in ta fara tambaya ba ta gajiya." Baba ya juya motar ya kamo hanyar gida. Can ya kalli Auta ta madubi. "Ki saya. Ki sake tayoyin."

"Baba, motar?"

"Motar na ce. Ɗayan kuma ya turo manyansa."

Sai ga sabuwar matsala, don babban Dogo ai Kawu ne. Auta da kanta ta je filin, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya kau da kai, ya yi ta mita, ya lissafo duk ɗawainiyar da ya yi da yaron tun yana ƙarami. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Kawu, ai tarbiyyarka ce ta yi yawa." Ya so ya daure, dariya ta ƙwace masa.

Ranar ɗaurin aure gidan ya cika har waje. Abokan aikinta sun zo, malaman makarantarsu sun zo, har matar nan da ta haihu a hannun mai shara ta zo da ɗanta a goye. Kawu ya miƙe zai gabatar da ango, ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, wannan yaro da kuke gani, babu irinsa a ƙasar nan. Bai taɓa…"

"Dillali, zauna," Baba ya katse shi. "Kada ka yabe shi ka ɓata cinikin. Mun riga mun duba."

Wuri ya kaure da dariya, Kawu ya fi kowa.

Da za a tafi da ita, Baba ya kira su biyun ɗakinsa. Mutumin da bai taɓa kuka a gaban 'ya'yansa ba, yau muryarsa na rawa. Ya ɗora hannunta a kan na Dogo.

"Ga ta nan. Tana da wuyar yarda, amma in ta yarda ta yarda ke nan. Kada ka sa ta yi da-na-sani."

"In sha Allahu, Baba."

"Allah Ya yi muku albarka. Ya kiyaye hanyarku, Ya kai ku lafiya, Ya ba ku zuri'a mai jin ƙai."

Umma ta amsa da amin tana share ido. Auta ta ɗago ta kalli mijinta, ya sunkuyo ya raɗa mata, "Akwai sauran tambaya, Gimbiyata?"

"Da yawa," ta ce, tana murmushi. "Amma ba sauri nake ba."