Dabarar da Auta Ya Kwaso a Talabijin

Akwai wani yaro ɗan aji huɗu, a gida ana ce masa Auta. Shi da Mamarsa suna zaune a gidan Kaka. Babansa kafinta ne. Tun da auren ya mutu, Baba yake zaune shi kaɗai a ɗakin bayan shagonsa.

Duk Asabar da yamma ana nuna wani wasan barkwanci a talabijin. A ciki ma miji da mata sun rabu, amma kullum sai 'yarsu ta ƙulla dabarar haɗa su ɗaki ɗaya. Su yi ta cacar baki, wasu mutane da ba a gani su yi ta ƙyaƙyata dariya.

"Kai, yarinyar nan akwai wayo!" in ji Auta.

"Wayon banza," in ji Kaka. "Matsa, angona, ƙaton kanka ya tare min hoto."

Ran nan yarinyar ta ce wa babanta mamarta ta faɗi. Ya zo a guje da takalmi wari ɗaya. Auta ya yi dariya har da hawaye. Sai kuma wata dabara ta faɗo masa.

Washegari ya ɗauki wayar Kaka, ya laɓe bayan ƙofa.

"Baba, Mama ta faɗi! Ba ta motsi!"

Ba a jima ba sai ga Baba ya faɗo gidan ko sallama babu. Garin katako ya cika masa gashi. Hannunsa naɗe da tsumma, tsumman ya jiƙe da jini. Garin sauri zarto ya yanke shi.

Mama kuwa tana kan keken ɗinki, lafiyarta ƙalau. Ta miƙe ta ja mayafi.

"Lafiya, Baban Auta?"

Auta ya tsaya yana jiran dariya. Ɗakin ya yi tsit, sai numfashin Baba.

"Ni ne na yi ƙarya," Auta ya ce cikin kuka. "So nake in gan ku wuri ɗaya. Haka ake yi a talabijin."

Baba ya durƙusa a gabansa.

"Waɗancan wasa suke yi, ɗana. In an gama, kowa ya tafi gidansa. Ni kuwa da gaske hankalina ya tashi."

Kaka ta kawo ruwan ɗumi tana wanke ciwon. Mama ta jawo Auta jikinta.

"Ni da Babanka mun rabu, ba zan ɓoye maka ba. Amma babu wanda ya rabu da kai. In kana son abu, buɗe baki ka faɗa."

Hannun Baba ya daɗe bai warke ba. Kullum in an tashi makaranta, Auta ya je shago ya riƙe masa katako. A nan ne wata rana ya yi ƙarfin hali.

"Baba, ajinmu zai buga ƙwallo. Ina so ka zo. Zan roƙi Mama ma."

Suka zo. Mama ta zauna a wannan gefen fili, Baba a wancan. Da Auta ya samu ƙwallo ya sheƙa da gudu, sai ya ji muryoyi biyu suna kiransa, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu. Duka ya gane su.

Daga ranar Auta ya san cewa ƙarya ba ta haɗa mutane, ciwo take jawowa. Abin da ke ranka, ka faɗe shi da gaskiya.