Harsashin Sufyan

"Kada ka sa wannan harsashin, Mutawakkil! Don Allah kada ka sa shi!"

Fatiha ta iso bakin kogi tana haki, mayafinta na jan ƙasa. Mutawakkil na durƙushe a gindin giginya, bindigarsa a kan cinya, ya shimfiɗa harsasai iri biyu a kan ƙyalle. Ma'aikacin gandun daji ne da aka turo daga Bagudo ya harbe dorinar da ta hana mutanen Illo sakat. Ta tattake shinkafa, ta kife kwale-kwale da yayan Fatiha a ciki, har yau ƙafarsa ba ta taka ƙasa ba.

Ya ɗago yana murmushi.

"Sanyin idona, mi ya faru? Zauna ki huta."

"Ba zama ya kawo ni ba! Wanne ne Sufyan ya ba ka?"

Ya nuna mata siraran, masu ƙyalli. Sufyan ɗan ƙanen mahaifinta ne, mai fataucin kaya zuwa Benin. Shi dangi ke so ta aura, shi kuwa Mutawakkil kullum ana ce masa baƙo.

"Kyauta ya kawo mini jiya. Ya ce suna cin nisa, zan iya harbi daga nan tudu ba sai na shiga ruwa ba."

"Ƙarya yake!" ta ce. "Da kunnena na ji shi yanzu a zaurenmu yana dariya da abokinsa. Ya ce ba su da nauyi, iskar kogi za ta kaɗa su, ko sun same ta rauni kawai za su yi mata. Ka ji kunya gaban jama'a, a mayar da kai inda ka fito..."

Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Ya ɗauki siriri guda, ya ɗauki mai kauri daga nasa na aiki, ya auna su a tafukan hannunsa. Sannan ya kalli yadda iska ke kwantar da ciyawar tsibirin da dorinar take.

"Tun safe zuciyata ba ta kwanta da su ba," ya ce a hankali. "Nawa masu nauyi ne, iska ba ta wasa da su. Amma da wagga tsohuwar bindiga ban yarda da su daga nesa haka ba. Sai na matsa kusa."

"Kusa kamar ina?"

"Cikin kwale-kwale."

Ta zo ceton mutuncinsa, ga shi ta tura shi bakin mutuwa.

Ta yi gaba, ta dawo, ta kama gefen mayafi tana murɗawa.

"To na janye! Ka manta da abin da na ce. Ka sa na Sufyan, ka harba daga nan, ka kuskure, su yi dariyarsu!"

"Fatiha..."

"Su mayar da kai Bagudo, su kai ka ko ina ne! In dai kana numfashi, na yarda in rasa ka!"

Hawaye suka ɓalle mata.

"Masoyiyata, dube ni," ya ce. "Dorinar da aka yi wa rauni ta fi mai lafiya haɗari. Gobe wa zai shiga ruwa? Babanki. Ƙannenki. Kina so in tsira da raina in bar muku wannan?"

Ta share hawaye da gefen mayafi.

Ya tattara siraran ya ƙulle, ya cusa a jaka. Ya ɗura mai nauyin a bindiga.

Masunta sun taru a gaɓa, amma da ya nemi mai tuƙa shi, kowa ya sunkuyar da kai. Sufyan na tsaye a bayansu cikin farar shadda.

"Malam ma'aikaci, ina kyautata?" ya ɗaga murya. "Ko tsoron nisa kake?"

"Shiru, Sufyan!"

Malami ne, mahaifin Fatiha, wanda sau da dama ya ƙi amsa sallamar Mutawakkil. Ashe ya biyo bayan ɗiyarsa, ya tsaya a bayan giginyar, komai a kunnensa. Ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙa mata, ya ɗauki filafilin tuƙa kwale-kwale.

"Baba! Kai ma?"

"Riƙe mini. Yaro, shiga. Na san inda take ɗago kai."

Kwale-kwalen ya rabu da gaɓa.

Fatiha ta ƙanƙame rigar. Ta zauna, ta miƙe. Ta fara addu'a, ta manta inda ta tsaya, ta sake farawa. Mutum biyun da ta fi so a duniya suna ƙanƙancewa a idonta.

Ruwa ya tsage. Wani baƙin kai ya taso, ya nufo su da gudu.

Mata suka fasa ihu.

Mutawakkil bai harba ba.

"Harba mana!" ta yi kururuwa. "Mutawakkil, harba!"

Ya jira har Malami ya daidaita kwale-kwalen.

Ƙara ɗaya ta girgiza kogin, tsuntsaye suka watse. Igiyar ruwa ta ɗaga kwale-kwalen, ta sauke shi. Sai tsit.

Can ta hango hannun babanta a sama, alamar dorinar ta mutu.

Ta zube a kan yashi tana kuka tana dariya. Ko da ta waiwaya, babu Sufyan babu alamarsa.

Da suka iso gaɓa, jama'a suka rufe su da kabbara. Malami ya karɓi rigarsa, ya sa ba tare da ya kalli kowa ba. Ya yi taku kaɗan, ya tsaya.

"Kai, Mutawakkil. Iyayenka suna raye?"

"Suna Kamba, Baba."

"To mi suke jira?"

Fatiha ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ruga gida a guje don ta riga kowa gaya wa goggonta.